JAWABI A TARON IYAYE NA SABO: LITTATTAFAN JARUMAI DA NA SARARIN SAMANIYA

 

Kowa ya sani ni ba ɗan boko ba ne. Islamiyya na yi, daga nan sai rumfar goro. Amma tunda an ba ni dama, zan fara da laifin kaina.

Kwanakin baya na tarar da ɗana a bayan huhunan goro ya duƙufa kan wani littafi mai hotuna, ga mai saye yana ta sallama bai ji ba. Na fizge littafin, na ga wani ƙato da jan mayafi yana tashi sama. Na ce masa ƙaryar Turawa ce, na kulle a akwati. Yaron bai ce uffan ba, sai dai kwana uku ba ya haɗa ido da ni. A na huɗu na kira shi na ce, to, ba ni labarin abin da ke ciki.

Ya ce sunan mutumin Superman. An haife shi a wata duniya, Krypton, da za ta tarwatse iyayensa suka sa shi a kumbo yana jariri suka turo shi nan. Wasu manoma a Kansas ta Amurka suka tsince shi suka rene shi. Ya girma ya fi kowa ƙarfi, amma bai taɓa neman sarauta ba, sai taimakon mutanen garin da ya sauka. Sannan ya ce, "Baba, shi ma baƙo ne kamar mu."

Jama'a, maganar nan ta tsaya mini a rai. Yaran nan a Ibadan aka haife su, suna jin Yarbanci kamar ruwa, amma a makaranta ana ce musu 'yan Arewa, in sun je gida da Sallah kuma a ce musu 'yan Kurmi. Ashe waɗanda suka fito da Superman a 1938, Jerry Siegel da Joe Shuster, su ma 'ya'yan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Turai. Sun san ciwon.

Daga nan na tuna ai ni ma na yi irin wannan karatun, har ƙarƙashin fitilar ƙwai. Wa ya manta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa? Yaro ya tashi gurgu, ya samu lafiya da ƙarfi, ya tafi yana tsare birnin Kib. Asalin labarin ma na Rasha ne, amma ba wanda ya ƙwace mana. Sai kuma Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya. A 1969 ya fito, shekarar da Amurkawa suka taka wata. Shi kuwa zuwa watan, wani Bafaranshe, Jules Verne, ya rubuta shi a labari tun 1865: mutum uku, aka harba su daga Florida. Bayan shekara 104, daga Florida ɗin aka harba mutum uku. Kun ga wani lokacin mai labari ne ke share hanya, injiniya ya biyo baya.

Yanzu da dare, in mun rufe rumfa, ƙanwarsa ke karanta mini tana fassarawa, don Turancina na ciniki ne. Wanda ya fi kama ni shi ne Binti, na Nnedi Okorafor, wadda iyayenta Inyamurai ne amma a Amurka aka haife ta. Ya fito a 2015, ya ci manyan kyaututtukan Hugo da Nebula. Yarinya ce 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya, ta samu gurbi a babbar jami'a a wata duniya. Ta tafi da tulun jar ƙasar da matan garinsu ke shafawa, mutane na yi mata kallon ƙauyanci. A hanya wasu halittu suka far wa jirgin suka kashe fasinjoji. Ba da takobi ta tsira ba. Jar ƙasar nan ta zama magani ga maharan, ita kuma ta zauna tsakani ta sasanta su da jami'ar. Na ce wallahi wannan ai aikin dillali ne, irin wanda iyayenmu suka yi a zangon nan tsakanin fatake da masu gari.

Ba na ce duk littafin da ya shigo gida alheri ba ne. Akwai masu zanen tsiraici, akwai waɗanda daga farko har ƙarshe duniya ta ƙone, kowa na cin naman kowa. Waɗannan ba na so, domin yaron da kullum yake jin labarin rikici a rediyo ba ya bukatar a ƙara masa tsoron gobe. Ina nufin waɗanda in yaro ya rufe, sai ka ga yana tambayar yadda ake zama likita ko matuƙin jirgi. Batun ƙarya kuwa, yaran sun san ƙage ne, kamar yadda muka san Gizo bai taɓa aure ba.

Roƙona ga ƙungiya shi ne a ba mu kanta ɗaya a ofis. Ni zan kawo Iliya da Tauraruwa Mai Wutsiya, da littafin nan da na ƙwace, in mai shi ya yarda. Malamai biyu su riƙa dubawa kafin a jera. Mai son sa hannu ya same ni a rumfa bayan La'asar.