Maganin Olsa, Gastirin da Ciwon Dajin Tumbi



Ranar kasuwa, ku tsaya ƙofar kemis ku kasa kunne. Magidanci zai ce, "Ba ni na olsa, na kwana goma." A miƙo masa omeprazole ya soke a aljihu, wata mai zuwa ya dawo. Iyayenmu mata kuwa jar kanwa suke jiƙawa in ƙwannafi ya taso. Zancena yau a kan abin da ke gudana ne a cikin tumbin nan.

A ƙasan tumbi akwai ƙwayoyin halitta masu fitar da sinadarin gastirin, wanda John Edkins na Ingila ya gano a 1905. Abinci na sauka, gastirin ya bi jini ya je ya manne a mazauninsa, CCK2, a jikin wasu ƙwayoyin bangon tumbi. Daga nan saƙo ke ratsawa, wannan sinadari ya tashi wancan har cibiyar ƙwayar, da umarni biyu: a zubo ruwan tsami, kuma a hayayyafa. In tsami ya isa, sinadarin somatostatin ya taka burki.

To, in tsamin ya yi ƙasa, burki ya saki, gastirin ya yi ta hauhawa. Hakan na faruwa idan ƙwayar cutar Helicobacter pylori ta shekara da shekaru tana cinye bangon tumbi, wadda tun 1994 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ta cikin masu haddasa ciwon daji. Maganin kashe tsami ma yana ɗaga gastirin. Ku manoma ne, kun san taki ba ya shuka ƙuduji, amma in irinsa na gonar, tare da dawa za su ci. Haka gastirin yake ga ƙwayar halittar da ta riga ta lalace.

A 1992 likita Chris Holcombe, da ya yi aiki a Maiduguri, ya nuna yawancin mutanen da aka gwada a Arewa na ɗauke da ƙwayar cutar, amma rahoton kansar tumbi kaɗan ne. Ni wannan ƙarancin bai kwantar mini da hankali ba, domin da yawa a gida suke rasuwa da sunan olsa, ba wanda ya leƙa cikinsu.

Omeprazole magani ne mai amfani, sai dai yana rufe alamu. Ita ƙwayar cutar ana gano ta da gwajin bayan gida, a kashe ta da haɗin magani na mako biyu. Duk wanda olsarsa ta zo da rama, amai, saurin ƙoshi ko baƙin bayan gida, don Allah masu kemis ku daina sayar masa da wani katin, ku tura shi asibiti, a kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a zura na'ura a duba tumbinsa.