Latas A Tsakar Gida

In maza a Miga sun sauka fadama noman rani, ke da kike cikin kulle tsohon baho ya ishe ki lambu. Huda gindinsa, ki cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen kashin awaki. Latas sanyin hunturu yake so, don haka ki yafa iri tun Nuwamba, sama-sama. In kika binne shi da zurfi ba zai fito ba. Yayyafi safe da yamma, ban da ruwan sabulu. Kaji fa, uwargida! Lulluɓa masa tsohon gidan sauro. Bayan kamar kwana 40 sai ki riƙa tsinkar ganyen gefe kina kwaɗo da ƙuli-ƙuli, kuɗin aiken yaro kasuwa ya zauna hannunki. Zafin Maris na shigowa zai yi fure, ganyen ya yi ɗaci.