Hoton na Wa? Talabijin da Gadon Wasannin Sa-kai a Ireland

Gabatarwa

Ranar wasan ƙarshe, filin Croke Park da ke Dublin kan cika maƙil da mutum sama da 82,000, wasu dubban ɗaruruwa kuma suna gida sun ƙura wa talabijin ido. 'Yan wasa talatin ne a tsakar fili, sha biyar-sha biyar. A cikinsu akwai malamin makaranta, akwai ɗan sanda, akwai manomi da ɗalibi da ma'aikacin banki. In an tashi, babu ko ɗaya da zai karɓi albashin wasa. A yi bikin 'yan kwanaki, kowa ya koma bakin aikinsa. Amma mai riƙe da kyamara an biya shi, mai sharhi ma haka, tashar da ta haska wasan kuma ta zuba kuɗi kafin a ba ta izini.

Wannan takarda za ta bi sawun yadda talabijin ta riƙa ɗaukar waɗannan wasanni tun daga 1962. Abin da take son nunawa shi ne, a Ireland kyamara ce ke zaɓen abin da al'umma za ta tuna daga gadonta na wasa. Shi ya sa ranar da aka fara sayar da kallo, gardamar ta wuce batun farashi, ta koma kan wanda ya mallaki hoton.

Wasannin da ƙungiyarsu

Ranar 1 ga Nuwamba 1884 wasu 'yan kishin ƙasa suka haɗu a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles, suka kafa ƙungiyar da aka fi sani da GAA. Michael Cusack, wani malami ɗan gundumar Clare, shi ne ƙashin bayan tafiyar, Maurice Davin kuma ya zama shugaba na farko. A lokacin ƙasar tana hannun Birtaniya, wasannin Ingila suna ta samun gindin zama, na gida kuwa suna neman ɓacewa.

Manyan wasannin biyu ne. Akwai hurling, wanda ake yi da sanda mai faɗin baki da 'yar ƙwallo mai tauri da ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Na mata ana kiransa camogie. Akwai kuma ƙwallon Gael, inda ake amfani da hannu da ƙafa. A duka biyun, in ƙwallo ta shiga raga maki uku ne, in ta bi ta saman turke tsakanin dogayen sanduna maki ɗaya. Gundumomi 32 na tsibirin ke fafatawa, har da shida na Ireland ta Arewa, a ƙarƙashinsu kuma akwai kulob-kulob sama da 2,000 na ƙauyuka da unguwanni. Babu cinikin 'yan wasa. Galibi inda aka haifi mutum nan yake bugawa har ya tsufa, ya koma horar da yaran maƙwabta kyauta. A 2018 hukumar UNESCO ta sanya hurling cikin jerin al'adun gado na duniya.

Kafin hoto akwai murya

Rediyo ce ta share fage. A watan Agusta 1926 tashar 2RN ta watsa wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Kilkenny da Galway kai tsaye. Michael O'Hehir ya fara sharhi a 1938, kuma shi ne ya kawo wa mutanen gida wasan ƙarshe na 1947 daga New York, inda Cavan ta doke Kerry. Da lokacin da aka saya a layin waya ya kusa ƙarewa wasa bai tashi ba, sai ya shiga roƙo a iska a ƙara masa 'yan mintoci, aka kuwa bar masa layin.

Mícheál Ó Muircheartaigh kuma ya riƙe makirufo daga 1949 har 2010. Salonsa kamar na maroƙin da ya san asalin kowa ne: ƙwallo na tafiya yana faɗin ƙauyen mai ita, da sana'arsa, da wanda mahaifinsa ya buga wa. Wannan ɗabi'a ta jingina ɗan wasa da gidansu ita talabijin ta tarar, ta kuma gada.

Kyamara ta shigo fili

An buɗe tashar talabijin ta ƙasa, wadda yau ake kira RTÉ, a daren 31 ga Disamba 1961. Ranar 17 ga Maris 1962 ta nuna wasannin ƙarshe na kofin Railway kai tsaye. Shugabannin GAA sun karɓe ta da ɗari-ɗari, don tsoron kada jama'a su zauna gida kuɗin ƙofa ya ragu. Shekaru da dama wasanni ƙalilan ake barin a haska kai tsaye, galibi na ƙarshe da na kusa da na ƙarshe. Sai a shekarun 1990 aka saki jiki.

Akwatin talabijin ya zo da wani abin da ba su shirya masa ba. Ƙungiyar tana da doka da ta hana mambobinta buga ƙwallon ƙafa irin ta Ingila ko rugby, har ma da zuwa kallonsu. To ga shi wasannin sun shigo har cikin ɗakin kowa. Wa zai bi gida-gida yana leƙen abin da ake kallo? Wannan na cikin dalilan da suka kassara dokar, aka soke ta a 1971. A shekarar ce kuma aka fara nuna wasan ƙarshe na hurling da launi, tsakanin Tipperary da Kilkenny, masu kallo a gida suka ga rigunan gundumomi yadda suke.

A 1979 aka fara shirin The Sunday Game, mai kawo wasanni da sharhin tsofaffin 'yan wasa. Michael Lyster ya gabatar da shi daga 1984 zuwa 2018. Abin dariya shi ne kiɗan buɗe shirin, wanda ya zame wa 'yan ƙasar alamar shigowar kakar wasa, na wani makaɗi ne Bajamushe, James Last. Da tashar ta taɓa canza shi, ƙorafi ya yi yawa har aka dawo da shi. Maimaici kaɗai ya mayar da kiɗan baƙo kayan gado.

Haka maimaicin ya yi wa wasu 'yan daƙiƙoƙi. A 1980 Galway ta ɗauki kofin hurling karon farko tun 1923, kyaftin Joe Connolly ya yi jawabinsa da harshen Irish, ya tuna da 'yan gundumar da neman abinci ya kai Ingila da Amurka. A 1982 Kerry na dab da cin kofin ƙwallo karo na biyar a jere, sai Séamus Darby na Offaly, wanda bai daɗe da shigowa canji ba, ya zura ƙwallon da ta rushe mafarkin. Har gobe ana mayar da hoton baya ana musu ko ya ɗan ture mai tsaron bayan Kerry kafin ya cafe ƙwallon. Waɗanda ba a haifa ba a lokacin sun san wannan ƙwallo kamar a gabansu aka ci ta.

A kwatanta da Christy Ring na Cork, wanda da yawa ke ɗauka gwanin gwanayen hurling. Sau takwas ya ci kofin ƙasa, na ƙarshe a 1954, shekara bakwai kafin a buɗe tashar. Abin da ya rage na wasansa guntayen finafinan labarai ne na silima, da fim ɗin da Louis Marcus ya yi a kansa a 1964. Sauran sai a bakin dattawa. Duk shirin tarihin da aka haɗa, irin su The Game da RTÉ ta nuna a 2018, yana cin karo da wannan giɓi: kusan shekara tamanin na farkon ƙungiyar da ƙyar ake samun hotonsu mai motsi.

Ƙaramar tashar da ta tsinci abin da aka zubar

Ranar 31 ga Oktoba 1996 aka buɗe tashar harshen Irish a yankin Connemara, wadda daga 1999 ake kira TG4. Ba ta da kuɗin takarar manyan wasanni, don haka ta kwashi abin da babbar tasha ta raina. Ta ciro tsofaffin wasannin ƙarshe daga rumbu ta sake nuna su cikakku. Ta kai kyamara filayen ƙauye cikin ruwa da taɓon hunturu, inda kulob ke karawa da kulob, 'yan kallo suna jingine da waya, rabinsu dangin 'yan wasan ne. Duk sharhin da harshen Irish ake yi, alhali ƙidayar 2022 ta nuna kimanin mutum 72,000 ne kacal ke magana da shi kullum a wajen makaranta. Dubban da suka bar harshen tun suna ɗalibai sun dawo suna sauraronsa saboda wasa.

A 2001 ta fara Laochra Gael, wato jaruman Gael, inda ake zama da tsohon ɗan wasa guda ya ba da labarin rayuwarsa, daɗi da wuya, a haɗa da tsofaffin hotuna da bakin iyalinsa. Wani shirin nata, Underdogs, ya tattara waɗanda gundumominsu ba su ɗauka ba. Kieran Donaghy na Kerry ya bi ta nan, a 2006 kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon shekara.

Inda tasirinta ya fi fitowa shi ne ƙwallon mata. An kafa ƙungiyarsu a 1974, a otal ɗin nan na Thurles, amma shekaru suka shuɗe kyamara ba ta cika waiwayarsu ba. TG4 ta ɗauki nauyin gasar tun farkon shekarun 2000, tana haska ta kai tsaye. A 2019 mutum 56,114 suka shiga Croke Park kallon wasannin ƙarshe na mata, ranar da Dublin ta doke Galway.

Daren da babu kowa a fili

Ranar 21 ga Nuwamba 1920, Dublin da Tipperary suna wasa a Croke Park, dakarun Birtaniya suka buɗe wuta kan jama'a, mutum 14 suka rasa rayukansu. Cikinsu akwai yara uku, da Jane Boyle da ta rage kwanaki a ɗaura mata aure, da ɗan wasan Tipperary Michael Hogan, wanda babbar rumfar filin ke ɗauke da sunansa.

Cikar shekara ɗari ta faɗo tsakiyar annobar korona, an hana taro. Aka kunna wutar tunawa a filin da babu 'yan kallo, aka karanta sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ƙasa duka tana gani ta talabijin. Washegari Tipperary ta fito da riga fara mai ratsin kore irin wadda Hogan ya sa, ta doke Cork, ta ɗauki kofin ƙwallon Gael na lardin Munster karon farko tun 1935. Gundumomi huɗun da suka kai wasan kusa da na ƙarshe a shekarar, wato Dublin, Mayo, Cavan da Tipperary, su ne dai na gasar 1920. Duk wanda ya shaida wannan, ban da 'yan tsirarun da ke bakin aiki a filin, ta kyamara ya shaida.

Kuɗin kallo

A 2014 GAA ta sayar wa Sky Sports izinin nuna wasanni 14 a shekara ita kaɗai. Hujjar shugabanni ita ce za a kai wasan ga 'yan ƙasar da ke Birtaniya, kuɗin kuma zai koma ga filaye da horar da yara. Masu suka, irin su masanin tarihi Paul Rouse, suka ce ba daidai ba ne wanda ya yanke ciyawar fili ya wanke riguna kyauta a ce sai ya biya kamfanin waje kafin ya ga ɗan ƙauyensu yana wasa.

Sky ta fita a ƙarshen 2022, amma rigimar ba ta fita ba. Dandalin GAAGO, wanda RTÉ da GAA suka kafa tare a 2014 don masu kallo a ƙetare, shi ya gaji wasannin, 38 a kakar 2023, a kan yuro 79. A watan Mayu na shekarar Cork da Tipperary suka yi wani zazzafan kunnen doki a hurling, aka wayi gari mafi yawan jama'a ba su gani ba. Tsohon mai tsaron ragar Cork, Dónal Óg Cusack, ya caccaki tsarin a cikin The Sunday Game kanta. Aka kawo kukan tsofaffin da ba su iya intanet ba, da ƙauyukan da layinsu ba ya ɗaukar bidiyo. Aka kuma tambaya: tunda RTÉ na da rabin dandalin, wa ke yanke wasan da za a nuna kyauta da wanda za a kulle? Magana ta kai gaban kwamitin majalisa. A 2025 GAA ta karɓe dandalin gaba ɗaya, ta sa masa suna GAA+.

Doka ta tanadi cewa wasannin ƙarshe na ƙasa dole a nuna su kyauta. Ba ta ce komai ba kan na farkon kaka, inda ƙananan gundumomi ke samun damarsu ɗaya tilo ta fitowa. 'Yan wasan kuwa, waɗanda ke atisaye kamar ƙwararru, abin da ke shiga hannunsu kuɗin mota da ɗawainiya ne da ɗan tallafin gwamnati, wanda ƙungiyarsu ta GPA, da aka kafa a 1999, ta yi fafutukar samowa.

Kammalawa

Abubuwa uku suka fito daga wannan bibiya. Abin da aka ɗauka kuma aka maimaita shi ya zama tarihin da kowa ya sani, kamar ƙwallon Darby. Abin da aka raina, kamar wasan mata da na ƙauye, ya bunƙasa da zarar wata tasha ta juya masa kyamara. Yanzu kuma ƙungiyar da ke shirya wasan ita ce ke da tashar da ke sayar da wani ɓangarensa, don haka zaɓen abin da za a gani ya dawo hannunta.

A watan Yuli 2024 BBC ta nuna wasan ƙarshe na hurling a faɗin Birtaniya, Clare ta doke Cork da maki ɗaya bayan ƙarin lokaci. Mutanen da ba su taɓa ganin sandar hurling ba suka ga kyaftin Tony Kelly ya ɗaga ƙwallo ta saman kan mai tsaron baya ya jefa ta raga. Kelly malamin makaranta ne. Da kakar gundumomi ta ƙare, ya koma buga wa Ballyea, kulob ɗin ƙauyensu.