ADIRESHI DA AMANAR BAYANAN ABOKAN CINIKI: AIKIN DA KE JIRAN MU A GIDA

Jawabin Kwamitin Kasuwanci da Sana'o'i a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake tara mu a mahaifarmu cikin ƙoshin lafiya. An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin bayani a kan wani al'amari da ya shafi duk mai saye da sayarwa a wannan zamani, wato yadda bankuna da kamfanoni suke tabbatar da mazaunin abokan cinikinsu, da yadda suke adana bayanansu a rumbunan intanet. Wani zai ɗauka wannan magana ce ta ma'aikatan banki da masu ilimin kwamfuta. To, za mu nuna cewa ta shafi mai kanti a bakin kasuwarmu da mai ɗinki a cikin gida, kuma babban ɓangaren maganinta yana nan hannunmu.

Yadda kakanninmu suka yi

Sanin mazaunin abokin ciniki ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Fataken da suka riƙa safarar goro daga Gwanja, da waɗanda suka zauna a zangunan Salaga da Kumasi da Sabo ta Ibadan, ba su cika sakin kaya bashi ba sai da sanin mai masauki. Shi ya san inda kowa yake kwana, ya san mai cika alkawari da mai noƙewa, kuma in bashi ya maƙale shi ake riƙewa. A cikin gari kuwa mai unguwa ne madogara, domin babu gidan da zai ɓace masa.

Abin da ya sauya shi ne yawa da nisa. Yau 'yarmu tana zaune a ɗakinta tana tallar turaren wuta ko kilishi ta WhatsApp, mai saye yana Legas, ba su taɓa haɗuwa ba, kuɗi su shigo ta waya, kaya su tafi ta tashar mota. Babu mai masauki a tsakaninsu. Gurbinsa kwamfuta ce ta cike, ita kuwa tambaya huɗu take yi: lambar gida, sunan titi, sunan gari, da lambar yanki ta gidan waya. Mu kuma amsarmu ita ce: bayan masallacin Juma'a, daura da tsohuwar tsamiya, a tambayi gidan Sarkin Fawa. Wannan kwatance ya wadatar da ɗan gari, amma na'ura ba ta san Sarkin Fawa ba.

Yadda ake tabbatar da adireshi a yau

Idan mutum ya rubuta adireshinsa a fom ɗin banki ko na kantin intanet, manhaja tana bi da shi ta matakai. Da farko ta daidaita rubutun, ta gane cewa wanda ya rubuta Titin Zariya da wanda ya rubuta Hanyar Zariya wuri ɗaya suke nufi. Daga nan ta gwada shi da babban kundin adireshi na hukuma, ta ga ko akwai irin wannan gida a kan irin wannan titi. Sannan ta mai da shi lambobin taswira, waɗanda tauraron ɗan Adam ke iya nunawa. A ƙarshe ta duba ko an riga an rubuta mutumin nan sau biyu ko sau uku da sunaye masu kama da juna, ta haɗe su wuri guda. Duk wannan ba ya wuce ƙiftawar ido.

Sai dai aikin ya dogara ne kacokan a kan wancan kundi. Amurka ta fito da lambobin yankunan gidan waya tun 1963. A Ingila gidan waya yana riƙe da kundin da ya ƙunshi adireshi sama da miliyan 30, ana sabunta shi kullum, kamfanoni suna biyan kuɗi su yi amfani da shi. A Nijeriya muna da lambar yanki mai alƙaluma 6, inda ta Legas ke farawa da 1, ta Kano da 7, ta Kaduna da 8, ta Abuja da 9, amma irin wannan lamba yanki take nunawa, ba ta kai mutum ƙofar gida. Shi ya sa bankunanmu har yanzu suke neman takardar kuɗin wuta, ko su tura ma'aikaci a kan babur ya je ya ga gidan da idonsa, ya ɗauki hoto, wayarsa ta naɗi lambobin taswirar wurin. Idan ya yi ta yawo bai gano gidan ba, rahoton da zai kai shi ne ba a tabbatar ba, alhali gidan yana nan tun kaka da kakanni.

Wasu sun nemi gajeriyar hanya. A watan Oktoba na 2017 Ghana ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, wanda ya yanka ƙasar zuwa ƙananan murabba'ai masu faɗin mita 5, kowane da lambarsa. Kamfanin what3words na Ingila ya raba duniya murabba'ai na mita 3, kowane da sunan kalmomi uku. Google kuma yana da Plus Codes, lambar da kowa zai iya samu kyauta ta taswirar wayarsa. Waɗannan duka suna da amfani, amma lamba ce kawai take nuna wuri. Ba ta faɗin wane ne ke zaune a wurin, kuma ba ta maye gurbin allon da direba zai ɗaga kai ya karanta a bakin layi.

Abin da ake nufi da gajimare

Masana suna kiran wurin da ake yin wannan aiki gajimare, amma babu abin da ke rataye a sama. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, da wutar da ba ta ɗaukewa da na'urorin sanyaya ɗaki, mallakar kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google. A nan gida ma akwai irinsu, kamar Rack Centre a Legas da Galaxy Backbone na Gwamnatin Tarayya. Ɗan kasuwa ba ya bukatar sayen babbar na'ura. Hayar wuri yake yi, kamar mai ajiye hatsi a rumbun wani, ya riƙa biya wata-wata, ya buɗe ajiyarsa ta waya daga duk inda yake.

Amfanin wannan a fili yake. Duk wanda ya tuna gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san cewa idan kanti ya ƙone, littafin bashi ma ya tafi, kuma da wuya masu riƙe da kuɗin su kawo kansu. Wanda ya ajiye sunayen abokan cinikinsa da lambobin wayarsu da adireshinsu da abin da yake bin kowa a rumbun intanet, ko wayarsa ta faɗa rijiya bayanan suna nan. Bugu da ƙari, mai kanti a Legas yana iya ganin cinikin da yaransa suka yi a reshen gida ba tare da ya taso ba, ya san wanda ya daɗe bai saya ba, da unguwar da kaya suka fi dawowa daga cikinta saboda rashin gane gida.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da dama suka tsaya cik na wani lokaci. Yawancin kamfanonin waje da dala suke karɓar kuɗin haya, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun daga 2023. Saboda haka mai hankali yakan riƙe kwafi na biyu a hannunsa, kuma kafin ya shiga ya tambaya ko zai iya kwashe bayanansa cikin sauƙi ranar da ya so sauya kamfani.

Hukuma ta tsananta

Babban Bankin Nijeriya ya kasa asusun ajiya mataki uku tun 2013. Ƙaramin mataki yana da sauƙin buɗewa amma an ƙayyade kuɗin da zai ɗauka, babban mataki kuwa, wanda ɗan kasuwa ke bukata, sai an tabbatar da mazauni. A 2014 aka fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, daga baya aka haɗa ta da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. A watan Afrilu na 2024 Babban Bankin ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin masu ajiya na tsawon makonni, kuma tabbatar da adireshi yana cikin abubuwan da aka matsa a kansu. A watan Agusta na 2025 ya ba da umarnin a ɗaure kowace na'urar POS da lambobin taswirar wurin da aka yi mata rajista. Hukumar yi wa kamfanoni rajista ita ma ba ta karɓar takarda sai da adireshi. Ma'anar wannan ita ce, matashin garinmu da ba shi da adireshin da za a iya tabbatarwa zai daɗe a ƙaramin asusu, zai sha wuyar samun rance, kuma ba laifinsa ba ne.

Bayanan mutane amana ce

Ɗaya ɓangaren kuma ya shafi mu da muke karɓar bayanan wasu. A watan Yuni na 2023 aka sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce kada a karɓi bayanin mutum sai da halastaccen dalili, kada a karɓi fiye da bukata, kada a yi amfani da shi wajen abin da ba don shi aka karɓa ba, kuma mai bayanin yana da ikon neman a gyara ko a goge. Idan aka yi kutse mai haɗari ga mutane, wajibi ne a sanar da hukuma cikin sa'o'i 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Da yawa daga cikinmu sun ga abin da wasu kamfanonin rance na waya suka yi, inda suka kwashe lambobin da ke wayar wanda ake bi bashi suka riƙa aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙonnin cin mutunci. Adireshi ya fi lambar waya haɗari. A wannan lokaci na masu garkuwa da mutane, jerin da ya ƙunshi sunan mutum da gidansa da yawan kuɗin da yake kashewa taswira ce a hannun ɓarawo. Don haka kada a bar irin wannan jeri a wayar kowane yaron kanti, kada a watsa shi a zaurukan WhatsApp, a sauya kalmar sirri ranar da ma'aikaci ya bar aiki. Wannan gargaɗi ya haɗa da ƙungiyarmu, domin rajistar mambobi da ke hannun sakatarorin rassa ita ma tana ƙarƙashin wannan doka.

Shawarwarin kwamiti

Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sanya raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ke nan ba sai mun jira Abuja ba. Muna ba da shawara kamar haka:

Na ɗaya, ƙungiya ta tura wakilai ga majalisar ƙaramar hukuma da fadar hakimi a nemi amincewarsu, domin sunan da hukuma ba ta sa wa hannu ba banki ba zai karɓe shi ba.

Na biyu, a fara da kasuwa da unguwa guda a matsayin gwaji, masu unguwanni su jagoranci aikin, a fifita sunayen da jama'a suka riga suka saba da su. Kada a mai da sunan titi abin saye ga mai kuɗi ko ladan siyasa, domin abin da zai fara rusa aikin ke nan.

Na uku, a horar da matasanmu da suka gama makaranta su bi gida-gida su ɗauki lambobin taswira, su ɗora titunan a kan Google Maps da OpenStreetMap, a miƙa kwafi ga ofishin gidan waya. Abin da za a ɗora a fili shi ne sunan titi da lambar gida kawai, ban da sunayen mazauna.

Na huɗu, rassan birane su ɗauki nauyin alluna da fenti da alawus ɗin matasan, kowane reshe ya ɗauki unguwa.

Na biyar, 'ya'yanmu da ke aiki a bankuna da kamfanonin sadarwa su ware rana guda a lokacin hutun Sallah su koya wa 'yan kasuwarmu, musamman mata masu sana'a a gida, yadda ake adana bayanan ciniki da kare su.

Kammalawa

'Yan uwa, mun gina ajujuwa, mun haƙa rijiyoyin burtsatse, mun gyara ɗakin shan magani. Wannan aikin bai kai waɗancan tsada ba, amma amfaninsa zai taɓa mai jiran kaya, da mai neman rance, da motar asibiti ko ta kashe gobara da ke neman gida cikin dare. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka ma 'yan damfara suke cin kasuwarsu a inda ba a san mazaunin kowa ba. Muna roƙon wannan taro ya amince da shawarwarin nan, ya naɗa waɗanda za su kai takarda ƙaramar hukuma kafin mu watse, ta yadda idan Allah Ya kai mu baɗi za mu ji rahoton unguwar farko.