JAWABIN WATA: A TUNA DA MATUƘI CHIMDA HEDIMA

Jama'ar Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, musamman ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci.

Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da sojojin Nijeriya da suka rasu a fagen fama. An zaɓe ta ne domin a irin wannan rana aka gama yaƙin basasa a 1970. Jawabin wannan wata a kan soja ɗaya ne, Wing Kwamanda Chimda Hedima, matuƙin jirgin yaƙi.

A shekarar 2014 'yan Boko Haram sun ƙwace garuruwa da yawa. Gwoza da Bama a Jihar Borno sun faɗa hannunsu. Haka ma Madagali da Michika a Jihar Adamawa. Manoma suka gudu suka bar amfanin gona ba girbi.

Ranar 12 ga Satumba, 2014, Hedima ya tashi daga Yola domin kai musu farmaki. Jirginsa ƙirar Alpha Jet ne, mai ɗaukar mutum biyu. Yana tare da Guruf Kyaftin Abdulrashid Braimoh. Jirgin bai dawo ba. An yi ta nema, shiru. A farkon Oktoba 'yan ƙungiyar suka fitar da bidiyo, suka ce su suka harbo jirgin. Sun kama Hedima da rai, sannan suka kashe shi. Braimoh ma bai dawo gida ba.

To, ina ruwan manomin Ƙiru ko na Doguwa da wannan labari? Da ruwansa. Mutanen da Hedima ya yaƙa, makaranta suke gaba da ita. A wannan shekara suka kashe ɗalibai a Buni Yadi, suka sace 'yan mata 276 a Chibok. Kwana biyar bayan ɓatan jirgin, an kai hari Kwalejin Ilimi ta Tarayya a cikin birnin Kano.

Shi kuwa matuƙi, ilimi ne makaminsa na farko. Sai ya iya karanta taswira. Sai ya iya lissafin mai da nisan tafiya. A Kano akwai makarantar sojan sama inda ake horar da matuƙan jiragen yaƙi. Duk wanda ya shiga can, da a, ba, ca ya fara, kamar kowane ɗalibi a ajinku.

Saboda haka, hanyar tunawa da Hedima a buɗe take. Kada a bar aji saboda kasuwa ko casa. A kai yara makaranta, maza da mata. Malamai su rubuta sunansa a allo, kowane ɗalibi ya karanta shi da kansa. Wanda ke da maƙwabciya matar soja da mijinta ya rasu, ya taimaka mata da marayunta.

Allah Ya ba iyalansu haƙuri, Ya ba ƙasa zaman lafiya. Amin.