Neman Maganin Shaye-shaye a Birni Ba Tare da An Ba Yaro Gado Ba



An umarce ni in yi magana kan 'ya'yanmu da ƙwaya ta kama. Rahoton 2018 na binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A nan gida kuwa, idan abu ya ƙazanta, hanya biyu muka sani: gidan mari ko gadon asibiti. Na farkon, mun ga abin da 'yan sanda suka gano a Rigasa ta Kaduna cikin Satumbar 2019, mutane wajen 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Na biyun kuma, gadaje kaɗan ne, kuɗin da yawa.

Akwai hanya ta uku, wato jinyar wuni. Yaro ya je asibiti da safe, likita ya duba shi, ya zauna da masu ba da shawara da sauran masu fama irin nasa, da yamma ya koma masauki. A Amurka sun kasa ta biyu: mai sauƙi, akalla awa 9 a mako, mai tsanani, awa 20 ko fiye. Kada a ɗauka baƙon abu ne. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara irinta ga masu taɓin hankali a Aro ta Abekuta, inda majinyaci kan sauka a ƙauye tare da ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana.

Wanda zai nema, ya fara da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Jihar Sakkwato. Ya tambayi likita kai tsaye: shin yaron nan zai iya jinya yana zuwa yana komawa, kuma sau nawa a mako? Amsar ta likita ce, ba ta uba ba. Wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayoyin barci, idan ya daina lokaci ɗaya farfaɗiya na iya kama shi, har ta kai ga rasa rai. Irinsa sai an kwantar da shi tukuna.

Abin da ke karya wannan jinya a wurinmu shi ne masauki da kuɗin mota. Uba ya kai yaro sau biyu, guzuri ya ƙare, a dawo gida, majalisar da ta lalata shi tana nan tana jira. Saboda haka ina roƙon reshen ƙungiyarmu na Kano ya kama ɗaki ɗaya kusa da asibiti, wanda majinyaci da mai jinyarsa za su sauka a ciki, a kuma sa kuɗinsa cikin kasafin bana.