Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa da muka taru a nan Nu'aija, da na gida da za su karanta wannan jawabi, ina gaishe ku.

Yau zan taɓo maganar da kunya ke hana mu yi, wato ciwon dajin babban hanji da dubura. Yawanci yakan fara ne da ɗan tsiro a jikin hanji, wanda ke ɗaukar shekaru kafin ya zama daji. Idan likita ya gan shi da na'urar leƙa hanji, nan take yake cire shi.

A nan Katar, tun 2016 ake kiran maza da mata masu shekara 50 zuwa 74 su kai bahaya a duba ko akwai ɓoyayyen jini. A Najeriya babu irin wannan tsari na ƙasa baki ɗaya. Mutum zai ga jini ya ce basir ne, ya sayi garin magani wajen mai lasifika a kasuwa, ya yi wata da watanni yana sha. Kafin a kai shi Asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ciwon ya bazu. Da yawansu ma ba su kai shekara 50 ba.

Ga kuma tsada. Akasarin kuɗin jinya daga aljihu ake biya, asusun tallafin da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 kuwa da dajin nono, bakin mahaifa da mafitsarar maza ya soma. Sai a sayar da gona, sannan a bugo mana waya mu turo riyal, a lokacin da kuɗin ba zai yi wani tasiri ba.

Roƙona uku ne. Wanda ya kai 50 a cikinmu ya ɗauki katin lafiyarsa ya je gwaji. Idan kun kira gida, ku tambayi Baba da Inna kai tsaye: akwai jini a bahaya? Yanayin bayan gida ya canza? Ana ramewa ba dalili? Sannan ƙungiya ta ware wani kaso na asusunta domin biyan kuɗin leƙa hanji ga duk ɗan garinmu da likita ya tura. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.